Matar da Ba Ta da Inda Za Ta Yi Yaji



Duk wanda ya tashi a garin Sakkwato ya san irin matan da nake so mu yi magana a kansu yau. Da wuya ka sami unguwa, daga Kanwuri zuwa Mabera, daga Runjin Sambo zuwa Arkilla, da babu mace ɗaya da ake kira da sunan ƙabilarta ko ƙasarsu maimakon sunan da aka raɗa mata: Bazabarmar gidan wane, Buzuwar bayan masallaci, Bayarabar Alhaji, 'yar Faranshi. Aure ne ya kawo yawancinsu. Mun san girkinsu, mun san yadda suke karya Hausa, yaran unguwa har sun iya kwaikwayon maganarsu. Amma mutum nawa ne ya taɓa tsayawa ya tambayi abin da ke cin ran macen da aka ɗauko daga inda kowa ya san ta, aka ajiye ta inda babu wanda ya san ko sunan uwarta?

Abin da nake gani shi ne, zaman aure irin namu an gina shi ne a kan cewa gidan iyayen mace yana nan kusa. Ku duba al'adunmu ɗaya bayan ɗaya. An kai amarya, danginta za su riƙa leƙowa, ita ma bayan ɗan lokaci za ta je ganin gida. Cikin fari ya tsufa, a mayar da ita goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wankan jego na kwana arba'in ana dama mata kunun kanwa. Miji ya ɓata mata rai, ta ɗauki mayafinta ta yi yaji, shi kuma dole ya tura biko, ya je ya sunkuyar da kai gaban surukai ya sha faɗa. Tana da ƙawayen da suka tashi tare, tana da waɗanda ta yi wa gudummawa ranar bikinsu suke jiran su rama mata. Waɗannan duk tagogi ne da kakanninmu suka bari a jikin ɗakin aure don hayaƙi ya sami hanyar fita. Macen da aka auro daga nesa kuwa, ranar da ta tare aka toshe mata su gaba ɗaya, aka bar mata kalma guda: ki yi haƙuri.

Na san wannan ne ta dalilin matar kawuna. A shekarar 2014 ya auro ta daga wani ƙauye kusa da Dosso a Jamhuriyar Nijar, inda yake bi ta Kamba da Gaya wajen fataucinsa. Bazabarma ce, ba ta wuce shekara ashirin ba a lokacin. Da yake babu ƙanwa ko ɗaya da ta biyo ta, sai mahaifiyata ta ba da ni zaman ɗaki, ina da shekara 13. A ɗakinta nake kwana duk ranar da ba girkinta ba, ni ce 'yar aikenta, ni ce kuma tafintarta, duk da cewa ban san komai a Zabarmanci ba sai abin da na riƙa tsinta a bakinta. Kawu bai rage ta da komai ba wajen ci da sha da sutura, kuma ban taɓa ganin ya ɗaga mata hannu ba. Na faɗi haka ne don kada wani ya ɗauka labarin mugun miji zan ba ku. Gida ne irin na kowa, mai rufin asiri.

Harshe ne ya fara kayar da ita. Zabarmanci ba ya bambanta namiji da mace a wakilin suna kamar yadda Hausa ke yi, kalma ɗaya ce ke tsaya wa “shi” da “ita”. Don haka sai ka ji ta ce, “Kawunki ta dawo,” ko “Inna ya ce ki zo.” Tsakar gida ta kwashe da dariya. Ba da mugunta ake yi ba, amma wanda ake yi wa dariya sau goma a wuni ba ya tsayawa auna niyyar masu yi. Sannu a hankali ta rage magana, ta koma “to” da “lahiya lau” da “ba komi”. Daga nan matan gida suka yanke hukunci cewa yarinyar nan ba ta da sakin fuska, miskila ce. Alhali da dare, in muka rufe ƙofa, za ta yi ta ba ni labari rabi da Hausa rabi da yarenta, tana kwaikwayon tafiyar mutanen ƙauyensu har in riƙe ciki. Mace ce mai barkwanci, amma barkwancin nata bai sami hanyar ƙetare iyaka ba.

Sai kuma lissafi. A garinsu ita ke kai wa uwarta kaya kasuwa tun tana ƙarama, ba a cutarta ko sisi. To amma a Nijar da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, don haka in aka ce “ɗari” ana nufin sefa 500. A nan kuwa ɗari ɗari ce, jaka kuma naira 200, alhali jikar da ta sani sefa 1,000 ce. Ranar da mai tallan manja ta ruɗe ta a wajen canji, maganar ta yi kwana uku tana yawo a gidan. Ta gama firamare, tana karanta Faransanci, rubutunta ya fi nawa kyau. Amma katin asibiti da Turancin Ingilishi yake, takardar magani haka, aikin gida da ake ba yara a makaranta haka. A idon gidanmu ta zama wadda ba ta yi boko ba. Ku auna wannan da kanku: ka kwana kana mai wayo a garinku, ka wayi gari a wani gari ana yi maka kallon wawa, kai kuwa babu abin da ya ragu a kanka. Masu iya magana sun ce baƙo ko da ido makaho ne, sai dai ba su gaya mana zafin da makantar ke yi wa mai ita ba.

Ga kuma kulle. A ƙauyensu tana zuwa rijiya, tana zuwa gona, tana cin kasuwa ranar kasuwa, duk inda ta bi akwai mai kiran sunanta. A nan duniyarta ta dawo ɗaki ɗaya da madafa da ɗan filin shanya. Ita ba ta taɓa cewa kulle laifi ne ba. Sauran matan gidan ma a kulle suke, amma nasu kullen cike yake da mutane: yau ƙanwar wannan ta zo wuni, gobe an aiko wa waccan da tuwon suna daga gidansu, jibi a fita ta'aziyya Gidan Igwai a dawo da labari. Ita kuwa wata shida kan wuce babu sallama ɗaya da aka yi a zaure aka ce ita ake nema.

Haihuwarta ta fari ta zo da damina. An yi shawarar kai ta gida, aka duba nisa da halin hanya da kuɗin mota, aka ce ta zauna a nan za a kula da ita. An kuwa kula. An dafa ruwan wanka safe da yamma, an dama kunu, an yanka rago. Amma na sha farkawa cikin dare in same ta zaune da jinjiri a cinya tana hawaye ba sauti. In na ce, “Anti, lafiya?” sai ta ce, “Ɗiyata, kwanta, hayaƙi ne.” Babu wuta a ɗakin balle hayaƙi. Sai da na girma na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna fama da ciwon baƙin ciki mai nauyi, kuma rashin mai tallafa wa mace na cikin abubuwan da ke jawo shi. A gidanmu dai abin da aka ce shi ne jegon ne bai karɓe ta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a shekararta ta uku. Wani saɓani ya haɗa ta da uwargida a kan yara, aka gaya mata maganar da ta taɓa asalinta, Kawu kuma ya dawo a gajiye ya ce kowa ta yi haƙuri. Bayan la'asar sai na ga ta goya ɗanta, ta yafa mayafi, ta nufi ƙofa. Na bi ta. Ta kai zaure ta tsaya tana kallon titi, 'yan kabukabu suna wucewa. Ta fi minti goma a tsaye. Na ce, “Anti, ina za ki?” Ta ce, “Ba wuri.” Ta juyo ta koma ɗaki, ta kwance goyon, ta ɗora tukunyar dare. Da uwargida ce aka yi wa haka, da kafin magariba tana gidansu, da kafin isha'i an kira Kawu. Kowa a gidan ya san wannan bambanci, kuma ko ba a faɗa ba, shi ke yanke wadda za a ba haƙuri da wadda za a ce ta yi haƙuri. Yaji ba abin yabo ba ne, amma macen da aka san tana da inda za ta, ana auna magana kafin a gaya mata.

Daga nan jiki ya karɓi abin da baki ya kasa faɗa. Barci ya ƙaurace mata. Ciwon kai ba ya sauka. Takan ce wani abu ya tokare mata ƙirji, yana ci kamar garwashi, yana hawowa har maƙogwaro. Tana yawan ajiyar zuciya. Aka sayo maganin maleriya da na taifot a kemis, aka ce olsa ce aka hana ta yaji da tsami, aka kawo mai ruƙiya, wasu suka ce iskokin garinsu ne suka biyo ta, wasu suka ce kishi ne kawai. Daga ƙarshe a asibiti aka ce jininta ya hau, tana da shekara ashirin da 'yan kai. An gwada jini, an gwada fitsari, an rubuta magani. A duk wannan zagaye babu wanda ya tambaye ta yaushe rabonta da ganin uwarta.

Shekarun baya, ina karance-karance, na ci karo da labarin matan Koriya da suka yi ƙaura zuwa ƙasashen waje, sai na ji kamar a tsakar gidanmu aka rubuta shi. A watan Janairun 1903 rukunin farko na 'yan Koriya suka sauka a tsibirin Hawai don aikin gonakin rake, yawancinsu maza. Tsakanin 1910 da 1924 aka kai musu mata kusan 1,000 waɗanda aka ɗaura wa aure ta hanyar musayar hoto, mace ta hau jirgin ruwa ta tafi wurin mijin da ba ta taɓa gani ba. Bayan yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 wasu dubbai suka bi sojojin Amurka da suka aura. A shekarun 1960 da 1970 ma'aikatan jinya mata kusan 10,000 suka tafi Jamus ta Yamma aiki. Waɗanda suka bi bayansu zuwa Amurka, da yawa masu ilimi ne a gida, amma rashin Turanci ya mayar da su aikin wanki da guga da tsaron shago, har 'ya'yansu ƙanana suka zama tafintocinsu a asibiti da makaranta.

Al'adunsu ma sun yi kama da namu ta inda ban zata ba. Mai jego a Koriya tana hutun kwana 21, uwarta ko surukarta na dafa mata wata miyar ganyen teku da suke kira miyok-guk, kamar dai kunun kanwarmu, kuma rashin wannan kulawa na cikin abin da matansu da suka haihu a baƙon wuri ke kuka da shi. Suna da wata tsohuwar magana da ake yi wa amarya, cewa ta yi shekara uku kurma, uku bebiya, uku makauniya a gidan miji. Wa ya ji wannan bai tuna da namu “ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba”? Sai dai su sun raɗa wa sakamakon suna. Suna kiransa hwabyong, wato ciwon wuta: ɓacin ran da aka daɗe ana haɗiyewa har ya koma zafi a ƙirji, da tokarewar maƙogwaro, da bugun zuciya, da ajiyar numfashi, da rashin barci. Ya fi kama mata, kuma a 1994 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya sunansa a littafinta na cututtuka. Da na karanta alamomin, ɗaya bayan ɗaya, Anti nake gani. Mu ma muna da kalmomin, ƙunar rai, ciwon zuciya, baƙin ciki, amma mun mayar da su abin waƙa da fim, ba abin da ake kai mutum asibiti dominsa ba.

Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Kanada, John Berry, ya shafe shekaru yana nazarin yadda baƙi ke zama a sabuwar al'umma. Ya ce hanyoyi huɗu ne: wani ya yar da nasa ya rungumi na masu gari, wani ya riƙe nasa ya ƙi cuɗanya, wani ya rasa duka biyun, wani kuma ya riƙe nasa ya ƙara da na masu gari. Wannan na ƙarshen shi ya fi samun kwanciyar hankali, wanda ya rasa duka biyun kuma shi ya fi shan wuya. Amma zaɓin ba a hannun baƙo kaɗai yake ba, sai masu gari sun ba shi fili. Mu abin da muka saba nema daga matar da aka auro shi ne na farkon: ta bar yarenta, ta bar girkinta, ta zama mu. In ta kasa, sai ta faɗa na ukun, ba ta can ba ta nan. Matan Koriya a Amurka abin da ya riƙe da yawansu shi ne majami'unsu, inda suke haɗuwa su yi yarensu su ci abincinsu, da wani adashi nasu da suke kira kye, wanda da shi wasu suka buɗe shaguna.

Ita ma Anti ta irin wannan ƙofa sauƙi ya shigo mata, kuma wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu ta buɗe ta. Wannan baiwar Allah, wadda duk unguwa ke kira Inna, ita ma aure ne ya kawo ta garin tun tana yarinya. Wata rana ta shigo ta dubi Anti ta ce, “Ke ɗiyag ga, mi na na? Ciwonki ba na kemis ba na.” Ta sami Kawu a zaure ta ce daga yau yarinyar nan za ta riƙa bin ta Islamiyyar dare, ita za ta kai ta ita za ta dawo da ita. Ta sa ta a adashin matan layinmu, ta tsaya mata. A Islamiyya kuwa sai ga shi Anti ta fi yawancinsu saurin hadda, don Larabci baƙo ne ga kowa, babu mai yi wa wani dariyar “ya” da “ta”. Karo na farko ke nan da aka yabe ta a gaban mutane a garin nan.

Inna ce kuma ta kai ta ziyara Hubbaren Shehu wata Juma'a. A can, cikin matan da suka zo daga nesa, ta ji wasu suna Zabarmanci. Ina tsaye na ga ta saki hannuna ta nufe su tana “Fofo! Mate ni go?” da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta dalilinsu ta san cewa akwai 'yan uwanta da ke aure a wasu unguwannin garin, har suka fara ziyartar juna. Da ta ɗauki adashinta na farko, sai ta fara yin kopto na sayarwa, wato kwaɗon ganyen zogale irin nasu, da dambu. Yaran da ke kwaikwayon Hausarta suka koma layi a ƙofar ɗakinta da kwano a hannu. Maganin hawan jini dai ba ta daina sha ba, amma barci ya dawo.

In muka duba, Inna ba sabon abu ta ƙirƙiro ba. Garin nan baƙi ne suka gina shi. An haifi Shehu Usmanu a Maratta, wadda yau take cikin Nijar. A watan Fabrairun 1804 jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, Nana Asma'u tana 'yar shekara goma sha ɗaya a cikinsu. Sai a 1809 Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato. Bayan yaƙe-yaƙe, garin da kewayensa suka cika da mata daga wurare dabam-dabam, wasu ma kamammu ne, ba su san Fulatanci ko Larabcin malamai ba. Nana Asma'u ba ta jira su koyi harshen masu mulki ba. Ta yi rubutu da Hausa saboda su, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa dattawan mata a matsayin jaji, su zo su ɗauki karatu su kai wa matan da ke cikin gidaje. Har malfar da take ɗora wa jaji, irin wadda matan Gobir suka saba gani ce a kan Innar Gobir, don kada sabon abu ya zo musu babu wata fuskar da suka sani. Ta rasu a 1864, amma dabarar tana nan: dattijuwa ta taka ta je inda baƙuwa take.

Kada in ba ku labarin kamar komai ya warware. Akwai nauyin da maƙwabci ba ya iya saukewa. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. An buɗe ta Illela a Disamban 2020, ta Kamba kuwa, wadda ita ce hanyar garinsu, sai a Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa har zuwa Maris na 2024. A labarai ana maganar shinkafa da fetur da manyan motocin da suka maƙale. Ba a cika maganar matan da iyayensu ke ƙetare ba. A cikin wannan rufewa ta biyu mahaifiyar Anti ta rasu, saƙon murya na WhatsApp ne ya kawo labarin. Maza suna bin ɓarauniyar hanya a kan babur, amma mace mai goyo da yara huɗu fa? A ɗakinta ta karɓi gaisuwa. Da ta samu zuwa bayan watanni, ta dawo tana ce mini a can ma yanzu Banajeriya suke kiranta, 'ya'yanta kuma sun zauna kurum a gaban danginsu don ba su jin yaren. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji Hausawa, amma ita ba ta bar shi don ta ƙi shi ba.

Kuma kada mu ɗauka wannan ƙaddarar wasu ce. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mutanenmu da suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, waɗanda suka tsira daga Burmi, sun dangana har Sudan suka kafa Mai Wurno a bakin kogin Nilu, da matansu da 'ya'yansu. Tun daga 2019 rikicin 'yan bindiga ya kori dubun-dubatar mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi, mafi yawansu mata da yara, cikinsu har da na Sabon Birni da Isa. Ga 'yan uwanmu da ke aikatau a Saudiyya, ga waɗanda aure ya kai Legas da Fatakwal da Kumasi, ga matan ɗaliban da suka bi mazajensu Malesiya da Ingila. Kowace cikinsu Bahaushiyar gidan wane ce a can. Yadda muke so a riƙe mana su, haka ya kamata mu riƙe na hannunmu.

Masu cewa kewar gida raunin imani ne su koma tarihi. Lokacin da sahabbai suka isa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, Bilal yana ta ambaton kwarurukan Makka don bege. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai tsawata musu ba. Addu'a ya yi Allah ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye, sannan ya ƙulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Ummu Salama ta yi kusan shekara tana fita tana kuka saboda an raba ta da mijinta da ɗanta a hanyar hijira. In waɗannan bayin Allah sun ji zafin rabuwa da gida, wace ce amaryar da za a ce kada ta ji?

To me ya rage a kanmu? Namijin da zai auro daga nesa ya sani cewa kuɗin ganin gida da katin waya suna cikin ciyarwa, a ware su tun kafin a ɗaura. Ya nema wa matarsa waliyyi a garin, wani dattijon da za ta iya kai ƙara wurinsa, wanda shi mijin yake jin nauyinsa, don ta sami gidan yaji ko da na aro ne. Ya bar ta ta koya wa 'ya'yanta yarenta, yaro ba ya rasa Hausa a Sakkwato. Mu matan gida da na unguwa, mu kira ta da sunanta, mu gyara mata Hausa a keɓe, mu sa ta a adashi da biki, mu koyi gaisuwa ko ɗaya ce da harshenta. In kuma ciwo ya ƙi jin maganin kemis, barci ya ƙi zuwa, kuka ya yi yawa, a kai ta ta ga likita, a kuma bar ta ta yi bayani da bakinta ko ta hanyar tafintar da ta yarda da ita. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, nan kusa a kan hanyar Illela, amma mun mayar da sunan garin abin zagi, har mai damuwa na gudun a ce an kai shi. Ba sai mutum ya yi tsirara a titi ake ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. Tun Janairun 2023 ƙasar nan ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, saura mu sauya namu tunanin.

Na san a cikinmu akwai waɗanda uwayensu irin waɗannan matan ne, akwai kuma waɗanda su kansu yanzu haka suke zaman aure a garin da ba nasu ba. Ina so mu ji daga gare ku, musamman abin da ya taimaka, don wata ta amfana. Sauranmu kuma, kafin wani makon, kowa ya tuna wace ce baƙuwar layinsu, ya aika a gaishe ta ko ya taka da kansa.

Allah ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa, ya jiƙan iyayenmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.